Wayar Da Ta Daina Ƙara: Dalilin Da Ya Sa 'Alat' Ke Ɓace Wa 'Yan Kasuwarmu

Duk wanda ya saba zagaya kasuwar Kejetia, ko ta albasa da ke Kwadaso, ko rumfunan masu hatsi na Aboabo da Alabar, ya san cewa a yanzu ciniki ba ya faɗawa da "na sallama" kawai. Za a yi tayi, a ja, a daidaita, mai saye ya zaro waya ya danna, sai kuma kowa ya yi tsit ana jiran wayar mai kaya ta yi ƙara. Idan ta yi, sai a kira 'yar kayaye ko mai aboboya a ɗora kaya. Idan ba ta yi ba, nan ake fara kallon-kallo, mai saye yana rantsuwa ya tura, mai kaya yana rantsuwa bai gani ba, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu.

Wannan ƙorafi na "wayata ta daina nuna mini alat" yana cikin waɗanda muka fi ji daga bakin 'yan kasuwar Zango a 'yan shekarun nan, musamman masu tsallaka iyaka ta Paga, Kulungugu, Aflao ko Elubo. Wasu na ɗora laifin a kan kamfanin layi, wasu a kan mai gyaran waya, wasu ma su ce sammu ne aka yi wa kasuwarsu. To amma abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi, sai dai ba kasafai ake yi wa jama'a bayaninsa da harshen da suke ji ba. Ƙarar da muke jira ba ita ce kuɗin ba, ɗan aike ne kawai, kuma ɗan aiken nan yana da ƙofofi da dama da sai ya bi kafin ya iso. Duk ƙofar da aka canza wa makulli, a nan zai tsaya, ba kuwa wanda zai zo ya gaya maka.

Alat iri biyu ne, kada a haɗa su

Tun da MTN ta kawo Mobile Money ƙasar nan a shekarar 2009, alat ɗin da muka fara sani shi ne saƙon tes. Shi wannan ta layi yake zuwa, wato ta sim ɗin da ke cikin waya. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar babbar waya, 'yar ƙaramar Nokia ko itel mai madannai ma tana karɓarsa. Abin da yake bukata kawai shi ne layin ya kasance a raye, kuma akwai sabis.

Na biyu shi ne sanarwar da manhaja ke fitowa da ita a saman fuskar waya: ta banki, ta MoMo, ta WhatsApp da makamantansu. Ita wannan ba ruwanta da sim, ta intanet take zuwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne, bankinka ba ya aiko ta kai tsaye zuwa wayarka. Sai ya miƙa ta ga kamfanin Google idan wayar Android ce, ko ga Apple idan iPhone ce, su ne za su ƙarasa da ita.

Wanda ya taso a Zango ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, domin da irinsa kakanninmu suka yi fataucin goro tun daga Salaga har zuwa nan Kumasi. Falke idan ya sauka gari, gidan maigida yake sauka. Wasiƙa ko saƙon baki idan ya zo daga Kano ko Sakkwato, ba a yawo da shi kasuwa ana neman falke, gidan maigida ake kaiwa, shi ya san ɗakin da ya ba kowane baƙo. To Google shi ne maigidan. Ranar da ka saka manhaja a waya ka buɗe ta, a ɓoye take zuwa ta yi rajista wurin Google, a ba ta wata doguwar lamba wadda ita ce tamkar lambar ɗaki, sannan ta aika wa bankin wannan lamba ya ajiye. Duk lokacin da kuɗi suka shigo, banki zai ce wa Google, kai wannan saƙo ɗaki kaza.

Matsalar ita ce lambar ɗakin tana canzawa. Idan ka goge manhajar ka sake sakawa, ta canza. Idan mai gyara ya wanke wayar, ta canza. Idan ka sayi sabuwar waya a Adum aka kwashe maka kayan tsohuwar aka zuba a ciki, ta canza. Matuƙar ba ka buɗe manhajar ka shiga da lambar sirrinka, da data a kunne, ta samu damar sanar da bankin sabuwar lambar ba, to banki zai ci gaba da aika saƙo tsohon ɗaki. Kuɗi na shiga asusu lafiya lau, waya kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Haka nan Google na soke lambar wayar da ta yi kwana 270 ba ta haɗu da shi ba. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu da ke da wayar Gana ta daban, waɗanda ke jefa ta cikin akwati idan sun koma gida Tawa ko Dosso, sai bayan damina da girbi su dawo su kunna ta.

Maigida ma yana canza doka

Ko da ɗan kasuwa bai taɓa komai a wayarsa ba, dokar gidan kanta tana canzawa daga can sama. A shekarar 2019 Google ya rufe tsohon tsarinsa na aika sanarwa da ake kira GCM, ya ce kowa ya koma sabo mai suna Firebase. A 2024 kuma ya sake rufe tsohuwar hanyar da kamfanoni ke miƙa saƙo ta cikin Firebase ɗin. Apple ma ya yi irin haka a ƙarshen watan Maris na 2021. Wannan aikin masu ƙera manhaja ne, su ya kamata su gyara nasu ɓangaren, manyan kamfanoni kuwa sun gyara. Amma a nan akwai darasi ga mai waya: manhajar da aka turo maka ta Xender shekara uku ko huɗu da suka wuce, ba ka taɓa sabunta ta ba don gudun cin data, ba abin mamaki ba ne wata rana ta daina magana. A ganinmu wannan rowar data tana cikin mafi tsadar rowar da ɗan kasuwa zai yi.

Canjin da ya fi taɓa talaka kai tsaye shi ne wanda ya zo da Android 13 a watan Agustan 2022. Kafin lokacin, duk manhajar da ka saka tana da damar yi maka sanarwa ba tare da ta tambaye ka ba. Daga Android 13 zuwa sama an juya abin: sabuwar manhaja bebiya ce har sai ka ba ta izini. Za ta fito da ɗan akwati da Turanci ko Faransanci tana tambaya ko ka yarda ta riƙa aiko maka da sanarwa. To mu kuma an daɗe ana yi mana gargaɗi, a rediyo da masallatai, cewa kada mu danna "na yarda" a kan abin da ba mu gane ba, gargaɗin kuwa gaskiya ne. Sai dattijo ya ga akwati, ya danna "ban yarda ba" don kare dukiyarsa, ashe bakin ɗan aikensa ya ɗaure. Ba lallai ne manhajar ta sake tambaya ba. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa tsohuwar wayarsa ta fi sabuwar, alhali sabuwar ba ta da laifin komai.

Gyaran wannan ba ya kai minti biyu. A shiga Saiti, inda aka rubuta Settings, ko Paramètres ga mai wayar da aka saita da Faransanci, a nemi jerin manhajoji, a zaɓi ta banki ko ta MoMo, a kunna wurin da aka rubuta Notifications. A duba da kyau, domin tun Android 8 ana raba sanarwar manhaja ɗaya gida-gida, ta talla daban, ta shigar kuɗi daban. Ana iya kashe ta tallar a bar ta kuɗin.

Sai kuma maganar batir. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu Tecno ne da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma ba don komai aka so su ba sai don riƙe caji. Wani ɓangare na wannan riƙe caji kuwa daga kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage yake zuwa. Mai tafiyar kwana biyu a mota daga Bawku zuwa Kumasi dole ya kunna tsimin batir, wannan ba laifi ba ne, amma ya sani cewa a wannan hali sanarwa na iya makara ko ta ƙi fitowa. Akwai wurin da ake cire manhaja daga cikin waɗanda tsimin batir ke taɓawa, ya kamata a cire ta kuɗi da WhatsApp. Bugu da ƙari, daga Android 12 waya da kanta tana sa manhajar da aka yi 'yan watanni ba a buɗe ba barci, ta janye mata izini, sanarwa ta tsaya.

Masu sayen waya ta hannu su ma su buɗe ido. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su zo da ayyukan Google ba, haka ma wayoyin da aka ƙera don kasuwar cikin ƙasar Sin. Wayar na iya yin kyau, ga kyamara ga arha, amma gida ne da ba maigida. Manhajar da ta dogara da Google za ta iya buɗewa, sanarwarta kuwa ba za ta zo ba. WhatsApp shi ma tun watan Oktoban 2023 ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5 ba.

Rajistar layi: ƙofar da ta fi cin mutanen Zango

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 1 ga Oktoban 2021 aka fara sabuwar rajistar layukan waya a Gana, lokacin Ursula Owusu-Ekuful na Ministar Sadarwa. Aka ce kowa ya haɗa layinsa da katin Ghana Card ta hanyar danna *404#, sannan ya je ofishin kamfani a ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsu. An sa wa'adin ƙarshen Maris na 2022, aka yi ta ɗagawa, har aka tsaya a ƙarshen Mayun 2023, daga nan aka rufe miliyoyin layuka. Tun 1 ga Yulin 2022 kuma Babban Bankin Gana ya ce Ghana Card ne kaɗai shaidar da za a karɓa a harkar banki.

Ga mutumin da ke da kati, wahalar ba ta wuce ta bin dogon layi a rana ba. Ga ɗan Zango kuwa abin ya fi haka. Mun san gidaje a Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line da aka haifi kaka a nan, aka haifi uba a nan, amma da jika ya je neman kati aka ji sunansa, sai aka fara tambayar daga ina kakansa ya zo. Tsofaffinmu da suka ga korar baƙi ta 1969 zamanin Busia ba sa ɗaukar irin wannan tambaya da wasa. Baƙon ɗan kasuwa kuma, wanda ya zo daga Nijar ko Burkina Faso ko Nijeriya, katin baƙi aka ce ya yi, wanda kuɗinsa a lokacin dala 120 ne, ana kuma sabunta shi duk shekara.

Sakamakon haka sai mutane da dama suka bi gajeriyar hanya, aka yi musu rajistar layi da katin yaron shago, ko na ɗan maigida, ko na wani ɗan'uwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da wayar ta faɗi a mota, ko sim ya lalace, ofis ba zai ba da sabo ba sai ga mai katin. Idan yaron ya bar aiki, ko an yi saɓani, ko ya tafi ci-rani, to ga kuɗi a asusu, ga mai kuɗi a tsaye, ba hanyar haɗuwa. Kada kuma wani ya ce ai shi manhaja yake amfani da ita ba ruwansa da sim. Ranar da za a sake saka manhajar, lambar tabbatarwa ta saƙon tes za a turo, kuma a kan wannan layin za ta sauka. A shekarar 2025 Ministan Sadarwa Samuel Nartey George ya bayyana cewa gwamnati za ta sake wata sabuwar rajistar. Shawararmu ga duk mai kuɗin kasuwa a kan layin da ba sunansa ba ita ce ya je da mai katin ofis tun suna shiri, a mayar da layin sunansa, ko ya buɗe nasa ya kwashe.

Su ma kamfanonin ba a zaune suke ba. AirtelTigo ta koma AT a 2023. Vodafone ta koma Telecel a 2024, Vodafone Cash ta zama Telecel Cash. A Togo, T-Money da masu zuwa Sinkase da Lome suka sani ta koma Mixx by Yas a ƙarshen 2024. Duk irin wannan sauyi yakan zo da sabon suna a kan saƙo, wani lokaci da sabuwar manhaja da sai an sake shiga an sake ba ta izini. A irin wannan tsakani ne kuma 'yan damfara ke cin kasuwarsu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za su kira su ce daga ofis ne, ana sabunta asusunka, karanto lambar da aka turo maka. Babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka ko wannan lambar tabbatarwa.

A bakin iyaka

Mai tsallaka iyaka shi ya fi kowa buƙatar sanin bambancin alat biyun nan, saboda a can suke rabuwa. A ce mai albasa ne ya wuce Kulungugu ya shiga Bittou, ya cire sim ɗin Gana ya saka na Orange ko Moov don ya samu data mai arha. Sanarwar manhaja da WhatsApp za su ci gaba da zuwa, tunda intanet suke bi. Saƙon tes na layin Gana kuwa ya tsaya, tunda sim ɗin na aljihu. Idan kuma ya bar sim ɗin a ciki amma ba shi da data, abin ya juya: tes na iya zuwa idan an buɗe masa yawo da layi a ƙasar waje, manhaja kuwa ta yi shiru. Gana ta fara yarjejeniyar sauƙaƙa yawo da layi ta ECOWAS da Kwaddebuwa a 2023, sannan da Togo da Benin a 2024. Burkina Faso da Nijar da Mali kuwa sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka mai bin hanyar arewa ya tambayi kamfaninsa farashi tun kafin ya tashi.

Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne goge manhajar kuɗi ko canza waya a tsakiyar tafiya. Wuri ya cika a waya, mutum ya goge ta banki da niyyar ya sake sakawa, sai ta nemi lambar tabbatarwa da za a tura wa layin da ba ya kama sabis a inda yake. Duk wani sabuntawa, da canjin waya, da sake shiga, a yi shi a gida kafin a ɗaura kaya, a kuma sa wani ya turo ko sidi ɗaya ne a ga alat ya fito ta hanya biyun.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Idan waya ba ta kan intanet, Google na iya riƙe sanarwa har tsawon mako huɗu kafin ya zubar da ita. Don haka mutumin da ya kwana biyu ba data, yana kunnawa sai sanarwa ta yi ta shigowa a jere. Idan aka yi rashin sa'a a daidai lokacin wani na tsaye yana cewa ya turo, sai a ɗauki alat ɗin shekaranjiya a matsayin na yanzu. A duba suna, a duba kwanan wata da lokaci, a duba adadin kuɗin.

Abin da ya faru ranar 14 ga Maris na 2024 ya isa misali. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta durƙushe a Gana da Kwaddebuwa da wasu maƙwabta na kwanaki. Duk wanda ya jingina cinikinsa da sanarwar manhaja kaɗai ya ji a jikinsa a wannan mako.

Waya ta yi ƙara ba shaida ba ce

Kamar yadda rashin alat ba ya nufin kuɗi ba su shigo ba, haka zuwansa ba ya nufin sun shigo. Ɗan damfara na iya rubuta saƙon tes mai kama da na kamfani sak ya turo daga wata lamba, sannan ya kira yana kuka wai kuɗin asibiti ne ya turo bisa kuskure, a taimaka a mayar masa. Wani kuma hoton rasit zai nuna maka a fuskar wayarsa. Hoto kuwa yaro ɗan sakandare ma na iya gyara shi.

Shaida ɗaya ce tak: abin da ke cikin asusu. Mai MTN ya danna *170#, mai Telecel ko AT ya danna *110#, ya duba ragowar kuɗinsa da jerin cinikin ƙarshe da hannunsa, ko ya buɗe manhajar ya gani a ciki. Waɗannan lambobi ba sa buƙatar data, ba sa bin ta wurin Google. Mun san wasu dattawan na jin nauyin yin haka a gaban abokin ciniki na shekara da shekaru, kada ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Amma ai ko zamanin takardar kuɗi, ana miƙo maka ka ƙirga a gaban mai bayarwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar haka a matsayin zagi. Tun da aka soke harajin E-Levy a watan Afrilun 2025 ba a cire wannan kaso daga abin da aka tura, don haka mai cewa "haraji ne ya ci sauran" sai a dube shi da kyau.

Wanda ya ga kuɗi sun fita daga wurin mai saye amma ba su shiga nasa ba, musamman idan daga wani kamfani ne zuwa wani, kamar yadda aka fara yi tun 2018, to su karɓi lambar cinikin da ke jikin saƙon mai turawa, su kira kamfanin tare, kaya kuma su zauna a rumfa har a warware. Layin MTN na karɓar ƙorafi shi ne 100. Wanda kuma aka damfara, ko aka yi yunƙurin damfararsa, zai iya kiran Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa a kan 292, ya kuma ajiye saƙon da lambar da aka kira shi da ita, kada ya goge.